Daga Kuala Lumpur Zuwa Jidda da Takwarar Inna

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri na uku a Malesiya, mahaifiyata ta taɓa kirana daga Madina ta ce in ɗauko iyalina mu shigo mota mu same ta. Abin da ya tuno mini da maganar, jiya wani ya tambaye ni awa nawa jirgi ke yi daga Kuala Lumpur zuwa Jidda, na ba shi amsa tun bai rufe baki ba. Shi ne na ce bari in ba ku labarin yadda aka yi amsar ta zauna mini a ka.

Ni mutumin Gwiwa ne, kuma ni ne auta a ɗakinmu. Ina koyarwa a wata makaranta a Kazaure aka ba ni damar tafiya ƙaro karatu. Kafin nan ban taɓa shiga jirgi ba, in ka cire na ruwa, wato kwale-kwale. Ranar da zan tafi, Inna, haka muke kiran mahaifiyarmu, ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta ce, duk inda jirgin ya tsaya in kira ta ta ji muryata.

Da muka yada zango a Dubai na kira ta. Ta ce, "Auta, ina kake yanzu?"

Na ce, "Ina ƙasar Larabawa, Inna."

"Kusa da Makka ke nan?"

"E, babu nisa sosai."

"To saura yaya ka isa?"

Na ji yadda muryarta ke rawa, sai na ce, "Saura kaɗan, Inna. Na ci ƙarfin tafiyar."

Don in kwantar mata da hankali na faɗa. Ni har na manta na yi maganar. Ita kuwa ta ɗauka ta adana. A lissafinta, Malesiya wani gari ne can gaba da Makka kaɗan, kamar yadda Roni take da Kazaure.

Bayan shekara guda matata ta biyo ni, kuma a can Allah ya ba mu 'yarmu ta fari. Na sa mata sunan Inna, muna kiranta Ummi. Suna dai an yi shi ba dangi, sai 'yan uwa ɗalibai 'yan Najeriya da maƙwabtanmu 'yan ƙasar. Kullum ina tura hotunan yarinyar wayar yayata, wadda take zaune da Inna tun rasuwar mahaifinmu. In na tambaya ko Inna ta gani, sai Inna ta karɓi wayar ta ce, "Na gani, tubarkalla. Amma ni hoton waya ba ya yi mini." In kuma muka yi kiran da ake ganin juna, ga matsalar sabis ta garinmu, ga Inna tana riƙe wayar ta yadda kunnenta kawai muke gani. Mu yi ta dariya ni da matata, muna cewa tsufa ne.

Ummi na da wata takwas babban yayanmu ya biya wa Inna Umra, yayata ta raka ta. Na san da tafiyar, na yi murna, na yi mata addu'a. Abin da ban sani ba shi ne abin da ta ƙulla a ranta.

Wata rana da yamma, ina dawowa daga makaranta, wayata ta yi ƙara. Lambar Saudiyya ce. Na ɗauka, sai na ji muryar Inna cike da fara'a, irin wadda na daɗe ban ji ba.

"Auta, ga ni na iso ɓangarenku. Muna Madina, yanzu muka idar da azahar."

Na yi mata barka da sauka, na tambayi gajiya. Ba ta ma tsaya amsawa ba ta ce, "To yaushe za ku shigo? Ka ɗauko mini takwarata da uwarta ku shigo mota. In hanyar ba kyau ku taso da wuri."

Na yi dariya, na zaci zolaya ce. Da na ji ba ta dariya sai na gyara murya. Kun san halin malamin makaranta, ko uwarsa ce ta yi tambaya sai ya buɗe darasi. Na fara yi mata bayani dalla-dalla. Na ce ai babu maganar mota, teku ne a tsakani, ga ƙasar Indiya gaba ɗayanta a tsakiya. Na ce daga Kuala Lumpur zuwa Jidda ya kai kilomita dubu bakwai. Ta ce ita ba ta san kilomita ba.

Na ce, "To Inna, daga Kano zuwa Jidda awa nawa kuka yi a jirgi?"

Ta tambayi yayata, ta ce, "An ce kusan biyar."

Na ce, "To mu daga nan awa tara ne. Wanda ke Kano ya fi ni kusa da inda kike."

Ina jin hayaniyar mutane a bayanta, ina jin wani yana tallan dabino. Can ta ce, a hankali, "Ikon Allah. Ni da na zaci na zo ƙofar gidanka." Ta ɗan numfasa ta ƙara da cewa, "To babu komai. Ka shafa mini kanta. Allah ya yi muku albarka."

Da na ajiye wayar na ba matata labari ina murmushi. Ita ba ta yi murmushin ba. Ta ce, "Ni fa muryar Inna ba ta yi mini daɗi ba."

Washegari yayata ta kira ni da kanta. Ta ce ta fito barandar masaukinsu ne don kada Inna ta ji. Ta ce, "Auta, akwai maganar da Inna ta hana mu faɗa maka, ta ce karatu kake yi kada a ɗaga maka hankali. Amma ni jiya na kasa cin abinci."

Na ce, "Yaya, me ya faru?"

Ta ce tun bara idon Inna ke ba ta matsala. Sun kai ta Kazaure, aka tura su Kano, likita ya ce hawan jinin ido ne kuma an makara. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama ma gefe da gefensa ya rufe, sai ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Ana ɗiga mata magani don a ja lokaci, amma likitan bai ɓoye musu ba, abin da ya tafi ba zai dawo ba, kuma saura ma tafiya yake yi. Shi ya sa yayanmu ya gaggauta Umrar, bai jira aikin Hajji ba.

Ta ce, "Abu biyu ta ce tana so ta gani, Ka'aba da yarinyar nan. Ka ga jakarta kuwa? Kayanta ba su kai rabi ba. Sauran duk naku ne. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yajin jego da ta daka wa matarka tun haihuwa ba ta sami mai kai mata ba. Har da zanen goyo. Mun yi mata bayani tun a gida cewa da nisa, ta ce ai kai da bakinka ka ce mata saura kaɗan."

Ban san lokacin da na zauna a kan matakalar bene ba. Sai a lokacin na gane abin da take nufi da hoton waya ba ya yi mata.

Na shiga na faɗa wa matata. Ta tashi ta buɗe durowa ta ɗauko fasfo ɗinmu uku ta ajiye a gabana.

Ina da wani abokina ɗan Babura da muke makaranta ɗaya, mutum ne mai shige-shige, babu lungun da bai sani ba a garin nan. Shi ya ja ni wajen masu shirya tafiyar Umra. Suka duba takardunmu suka ce za a gwada, amma ba su yi alkawarin biza za ta fito kafin su Inna su bar Saudiyya ba. Malamar da ke duba bincikena, wata dattijuwa 'yar ƙasar, na je mata da dogon bayani da na shirya tun a hanya. Ban kai rabi ba ta ɗaga hannu ta ce bincike zai jira ni, in tafi.

Na roƙi yayata kada ta faɗa wa Inna, don in abin bai yiwu ba kada a sa mata rai sau biyu. Kwanakin nan na jira ba zan manta su ba. Su Inna suka gama ziyara a Madina suka wuce Makka, mu shiru. Kullum abokina sai ya je ofishin nan ya zauna musu, har suka fara ba shi shayi. Sai da kwanakin su Inna suka zo gangara, ya kira ni yana haki ya ce, "Malam, haɗa kaya. Ta fito."

Muka tashi da hantsi. Ni dai na faɗa wa Inna awa tara da bakina, amma ashe faɗa kawai na yi, ban san nauyinta ba sai da na zauna da jaririya a cinya. Akwai ɗan allo a bayan kujerar gabana mai nuna taswira, da ɗan hoton jirgi yana tafiya a kai. Na zuba masa ido. In na kawar da kai na daɗe, na dawo, sai in ga kamar bai motsa ba. Ruwa dai, shuɗi, babu iyaka. Har na fara zargin allon ya lalace, na leƙa na maƙwabcina, na ga shi ma haka yake.

Ummi kuwa ta ce ba ta san zancen ba. Ta yi kuka har ta gode Allah. Uwarta ta ba ta nono ta ƙi, na saɓa ta a kafaɗa na yi ta zarya tsakanin kujeru, ta ƙi. Jirgin cike yake da masu zuwa Umra, yawancinsu tsofaffi. Wata tsohuwa da ke bayanmu, wadda ba na jin yarenta ba ta jin nawa, ta miƙo hannu biyu. Na dubi matata, ta gyaɗa kai. Matar nan ta kwantar da yarinyar a ƙirjinta tana bubbuga bayanta tana wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Kafin mu gama ƙetare Indiya, Ummi ta yi barci. Na koma kujerata ina tunanin ashe kakanni duk duniya hannunsu ɗaya.

Wani abin da ya ba ni mamaki, rana ta ƙi faɗuwa. Yamma muka nufa, muna bin ta tana bin mu. Cikina na cewa magariba ta yi, taga na cewa rana na tsaka. Da aka sanar mun kusa miƙati, inda ake ɗaukar niyya, na shiga na ɗaura haramina na fito ina jin kaina wani babban alhaji. Ina karɓar Ummi ta mayar mini da duk nonon da ta sha a kafaɗa. Haka na shiga ƙasa mai tsarki ina ƙarnin tumbuɗi.

Muka sauka Jidda bayan azahar, alhali a inda muka baro duhu ya fara shiga. Kafin a gama duba takardu mu kama hanyar Makka mu lalubo masaukinsu, an idar da magariba. Yayata na jiranmu a ƙofa. Tana ganinmu ta toshe baki da mayafi, ta karɓi yarinyar. Ta dai yi mana nuni mu biyo ta.

Inna na zaune a kan darduma, ta juya wa ƙofa gefenta na hagu, tana jan carbi. Ta rame fiye da yadda na bar ta. Na yi sallama.

Carbin ya tsaya. Ba ta juyo ba. Ta ce wa yayata, "Ke, wa kika kira a waya? Na ji kamar muryar Auta."

Na durƙusa a gabanta na ce, "Ba waya ba ce, Inna. Ni ne."

Ta miƙo hannu ta taɓa kafaɗata, ta shafo haramin, ta kai hannu fuskata. Ta ce, "La'ilaha illallahu. Ba kai ka ce awa tara ba?"

Na ce, "Ai mun yi su, Inna."

Matata ta durƙusa ta gaishe ta, Inna ta riƙe hannunta tana sa mata albarka, tana yi mata barka da haihuwar da aka yi wata takwas da suka wuce kamar jiya aka yi. Sannan yayata ta ɗora mata Ummi a cinya. Yarinyar da ta hana jirgi guda sakat, sai ga ta ta yi lamo, ta kama carbin tana ƙoƙarin kai shi baki. Inna ta shafa kanta, ta shafa kunnuwanta, ta ƙirga yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta sunkuya ta shinshina wuyanta. Ta ɗago ta saitin fuskarta, ta karkata kai nan, ta karkata can. Fitilar ɗakin ba ta da ƙarfi. Can ta sauke ta ta ce, "Ku je ku sauke Umrarku. Ni sai da safe zan gan ta."

Da gari ya waye, bayan rana ta ɗago, muka fita harabar Masallacin Harami. Wanda ya je ya san yadda farin daɓen nan yake ɗaukar ido da safe. Muka sami gefe muka zauna. Na kawo Ummi dab da fuskar Inna, a zatona hakan zai fi mata sauƙi. Ta ce, "A'a, in ka matso da ita hanci kawai nake gani. Ja da baya."

Na ja da baya.

"Ƙara."

Na ƙara. Ta rufe idon hagu da tafin hannu, ta tsayar da na dama. Na ga fuskarta ta sake.

"Yawwa. Tsaya nan. Ga ta nan gaba ɗayanta." Ta daɗe tana kallo. "Goshin nawa ne. Kunnuwan na babanku ne, Allah ya jiƙansa. Kai, wannan baki kuwa na uwarta ne, an yi sa'a ba naka ta ɗauko ba."

Muka yi dariya, dukkanmu da hawaye. Ummi ta ji ana dariya ita ma ta wangale baki, haƙoranta biyu na ƙasa suka bayyana. Inna ta ce, "Au, har da haƙora ba a faɗa mini ba?"

Sannan ta ce matata ta zo ta tsaya kusa da ni, mu ƙara ja da baya har sai mun shiga idonta mu uku. Muka yi ta ja, mutane na ratsawa ta tsakaninmu, har ta ɗaga hannu. Muka tsaya cak a rana kamar masu jiran mai hoto. Ta kalle mu iya son ranta, sannan ta sauke hannun ta ce, "Alhamdu lillahi. Ku zo ku shiga inuwa."

A 'yan kwanakin da suka rage mata, Ummi ba ta san bayan uwarta ba. Inna ta fito da zanen goyon nan, saƙi ne mai kauri, ta goya ta. Yayata ta ce, "Inna, bayanki fa." Inna ta ce bayan da ya goye mu shida ba wannan 'yar mitsitsiyar ce za ta karya shi ba. Da goyon ta yi ɗawafinta na ban-kwana, ni ina riƙe da hannunta ta gefen da ba ta gani, ina faɗa mata inda za ta sa ƙafa.

Su suka riga mu tafiya. A bakin motar da za ta kai su Jidda Inna ta riƙe rigata ta ce in faɗa wa yayata ranar da za mu tashi, da lokacin. Na ce to, ban kawo komai a raina ba.

Bayan mun koma Malesiya yayata ke ba ni labari. Ranar da muka taso, tun da aka ce mata jirginmu ya ɗaga, Inna ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidanmu ta zauna da carbinta. In ban da salla babu abin da ya tashe ta. Maƙwabta suka shigo yi mata barka da dawowa, ta amsa a taƙaice. Jim kaɗan sai ta ce, "Ke, duba mini, saura awa nawa?" Aka kawo abinci ta ce a rufe. Sai da na kira na ce mun sauka lafiya, sannan ta miƙe ƙafa ta ce a ba ta tuwonta. Wai ta ce wa yayata, "Lallai yaron nan ya yi gaskiya. Wurin nan da nisa."

Shekara biyu bayan nan na gama karatu muka dawo gida. Kafin lokacin ɗan hasken da ya rage mata ya tafi, sai dai ta bambance rana da duhu. Na yi ta fargabar ranar da zan same ta a haka, amma na tarar ta riga ni yin haƙuri da abin. Ta san ko'ina a gidan da ƙafarta, tana gane kowa da takunsa, kuma har yau ita ke raba faɗan jikoki.

Ina yawan tuna tafiyar nan. Na yi karatun lissafin nisa, na san yadda ake auna tsakanin gari da gari, amma a wancan lokacin na gane cewa uwa ba da wannan ma'aunin take aiki ba. Ita dai ta san ta taso daga Gwiwa ta nufi inda ɗanta yake, ta yi iyakar tafiyar da za ta iya. Ragowar tawa ce. Ba wani abin kirki na yi ba, awa tara ce a zaune, har ana kawo mini abinci. Amma in na tuna saura ƙiris in bar maganar a matsayin abin dariya, da yayata ba ta fito barandar nan ta kira ni ba, sai in ji tsigar jikina ta tashi. Shi ya sa in tsoho ya roƙe ka abin da kake ganin bai san wahalarsa ba, kafin ka fara yi masa bayani, ka ɗan tambayi na kusa da shi me ya sa yake so.

Yanzu Ummi tana firamare, tana da ƙanne biyu da aka haifa a Kazaure. Duk ƙarshen mako muna zuwa Gwiwa. Kwanaki ina zaune a zaure na jiyo ta tana musu da ƙaninta a kan wa Inna ta fi so. Suka kai ƙara gabanta. Inna ta jawo su duka ta ce kowa nata ne, babu wanda ta fi so. Ummi ba ta gamsu ba. Ta matsa jikinta ta ce, "Amma Inna, ni kaɗai kika gani, ko?"

Inna ta lalubo kan yaron ta kwantar da shi a cinyarta. Ta ce, "Ke na gani. Shi kuma ke za ki gane mini shi. Zauna nan ki faɗa mini, goshinsa irin na wa ne?"